Zanzibar: Masaukin Da Ke Bar Wa Miji Da Mata Sararin Kansu

Ma'auratan da jirgi ya sauke a filin jirgin saman Abeid Amani Karume, a tsibirin Unguja wanda shi ne babban tsibirin Zanzibar, hanya biyu ce a gabansu. Ko dai mota ta shiga da su tsohon birni, wato Stone Town, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba, inda gidajen attajiran ƙarni na 19 suka koma masaukin baƙi. Ko kuma ta ratsa tsibirin da su zuwa gabar gabas ko ta arewa, tafiyar awa guda zuwa awa guda da rabi, inda farin yashi da itatuwan kwakwa suke. Masu dabara kan haɗa biyun, su yi 'yan kwanaki a birni, sauran su ƙarasa a bakin teku. Amma ko ina suka nufa, akwai wani zaɓin da ya fi wannan nauyi: su sauka a katafaren otal mai ɗakuna ɗaruruwa, ko a ƙaramin gidan baƙi na alfarma mai ɗaki takwas zuwa goma sha biyu.

Ni dai ina bayan ƙaramin gidan. A babban otal, mutum lamba ce da aka ɗaura masa a wuyan hannu. Zai bi layin ɗibar abinci tare da jama'ar da jirgin haya ya kwaso daga Italiya ko Poland, ya yi rububin kujera a bakin wurin ninkaya, dare ya yi kuma lasifika ta hana shi jin abin da matarsa ke faɗa. A ƙaramin gida kuwa, kafin gari ya waye sau biyu mai dafa abinci ya gane cewa uwargida ba ta son sukari a shayi, mai gyaran ɗaki ya gane cewa ba a ƙwanƙwasa ƙofar nan sai hantsi ya ɗaga. Mutane da yawa ne ke yi maka hidima, amma hidimar tasu ta ƙware a kan sanin lokacin da za su janye jiki. Wannan janyewar ita ake biyan kuɗinta.

Duk wanda ya san yadda muke biki ya san darajar abin da nake nufi. Daga kamu zuwa ɗaurin aure, daga kai amarya zuwa buɗar kai, gida cike yake. An watse ma ba a watse ba: ga 'yan ganin ɗaki, ga ƙawaye, ga dangin ango da ke zuwa gaisuwa, ga ƙanwar amarya da aka bari ta taya ta zama. Kunya, wadda ado ce a wurinmu, ba ta barin ango ya zauna ya yi doguwar hira da matarsa a gaban manya. Duk wannan alheri ne, kuma shi ke riƙe aure ranar da iska ta kaɗa. Sai dai mutum biyun da aka yi taron domin su, su ne kan rasa wurin da za su zauna su san juna a natse. Bayan shekara goma kuwa, ga yara, ga kasuwa, ga waya da ba ta daina ƙara. Shi ya sa irin wannan tafiya ba ta sababbin aure kaɗai ba ce. Na fi ma ganin amfaninta ga waɗanda suka daɗe tare, waɗanda hirarsu ta koma ta kuɗin makaranta da cefane.

Zanzibar kuma ta dace da Musulmin da ke neman hutu ba tare da ya ajiye ɗabi'arsa a gida ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Musuluncin nan ba na jiya ba ne: a masallacin Kizimkazi da ke kudancin Unguja akwai rubutun Larabci a jikin bango mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Kiran sallah zai tashe ka da asuba ko a birni kake ko a ƙauyen masunta. Naman kasuwa yankan Musulmi ne. Mace mai hijabi ko mayafi ba wanda zai bi ta da kallo, don kuwa haka matan garin suke fita.

Gidajen dutse

Mota ba ta shiga yawancin lungunan Stone Town. Direba zai tsaya a bakin titi, wani saurayi ya ɗora akwatuna a kan baro, ku bi shi a baya cikin lungun da in ka miƙa hannuwa biyu ka kusa taɓa bango da bango. Babura na wucewa, tsofaffi na zaune kan dakalin da aka gina a jikin gidaje suna kurɓar gahawa a ƙananan kofuna. Sai ku tsaya gaban wata ƙofar katako mai kauri da aka sassaƙa wa furanni da sarƙoƙi, da ƙusoshin tagulla masu tsini jere a jikinta. Ƙofofi masu kusurwa huɗu, waɗanda akan samu ayar Alƙur'ani a samansu, salon Larabawan Oman ne. Masu lanƙwasa a sama kuwa salon 'yan kasuwar Indiya ne.

Da zarar ƙofar ta rufe, hayaniyar lungu sai ta yanke. Bangon gidajen nan da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi, kaurinsa kuma shi ke riƙe sanyi ko rana na tsakiya. Ɗakunan dogaye ne amma ba su da faɗi, saboda sandunan itacen bakin teku da ake jerawa a rufi ba su da tsawo sosai, sai magina suka bi iyakar itacen. Rufin yana can sama, fanka na juyawa a hankali. Gadon shi ne abin kallo: na katako ne mai ginshiƙi huɗu, yana da tudu har wani sai an taka ɗan matashi kafin a hau, an manna masa gilasai masu zanen ɗawisu da furanni a kai da ƙafa, gidan sauro fari ya sauko masa ta ko'ina. Da yamma, yayin da baƙi suka fita cin abinci, mai gyaran ɗaki kan shigo ya saki gidan sauron, ya fesa maganin sauro, ya watsa furen yasmin a kan matashi. A wasu gidajen, wurin wankan a buɗe yake ta sama, an kange shi da bango da tukwanen shuke-shuke yadda ba mai hango ka sai tsuntsu.

Matakalar tana da tsayi, kuma yawancin waɗannan gidaje ba su da na'urar hawa bene. Mai juna biyu ko mai ciwon gwiwa ta nemi ɗakin ƙasa tun wajen yin rajista. Amma wanda ya iya hawa har ƙarshe, to ya samu ladan wahalarsa, domin a saman rufi rayuwar gidan take. Ɗaya daga cikin sanannun irin waɗannan masaukai shi ne Emerson on Hurumzi, gidan da ake dangantawa da Tharia Topan, hamshaƙin ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya wanda ya riƙe harkar kwastan a zamanin Sarki Barghash na Zanzibar. Wani Ba'amurke, Emerson Skeens, yana cikin waɗanda suka fara gyara irin waɗannan tsofaffin gidaje suna mayar da su masauki. A rufin gidan ana cire takalmi a zauna a kan darduma da matasai, a zuba wa baƙo ruwa mai ƙamshin fure ya wanke hannu, sannan abinci ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Daga nan ana hango rufin kwano masu tsatsa har zuwa teku, da jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska suna dawowa gida. Rana na faɗawa ruwa sai masallatan birnin, waɗanda suka kai kusan 50, su ɗauki kiran magariba ɗaya bayan ɗaya, wani na ƙarewa wani na farawa. Bayan an yi sallah, wasu dararen akan kawo makaɗan taarab, kiɗan da ya haɗa garayar Larabawa da goge irin na Turawa da waƙar Suwahili. Wadda ta fitar da wannan kiɗa daga fada zuwa ga talakawa ita ce Siti binti Saad, 'yar ƙauye da ta je Bombay a 1928 aka naɗi muryarta a faifai.

Akwai wani amfani da waɗannan masaukai suka yi wa birnin wanda baƙo ba lallai ya lura da shi ba. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964, wanda ya kifar da sarautar Larabawa, kuma ya kai ga haɗewa da Tanganyika a watan Afrilun shekarar aka samar da Tanzaniya, masu gidajen da yawa sun tsere. Gwamnati ta karɓe gidaje ta raba wa masu haya, kuɗin gyara kuma babu. Ginin murjani da farar ƙasa ba ya jure yoyo. In ruwa ya shiga bango, sandunan rufi suka ruɓe, sai gida ya zauna. UNESCO ta sa Stone Town cikin wuraren tarihin duniya a shekarar 2000, amma hakan bai hana wani sashe na Beit al-Ajaib, katafaren ginin da Sarki Barghash ya yi a 1883, ruftawa a watan Disambar 2020 ba. Gidan da baƙo ke biyan kuɗin kwana a cikinsa kuwa, dole mai shi ya toshe yoyo kafin damina. Kuɗin amarcin wani shi ke riƙe da rufin da in ba haka ba da tuni ya faɗi.

Birnin yana da nasa labaran soyayya, kuma masu yi wa baƙi jagora ba sa gajiya da ba da su. Sayyid Sa'id, Sarkin Oman da ya ɗauke fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar a 1840, ya gina wa matarsa 'yar gidan sarautar Farisa wurin wanka irin na ƙasarsu a Kidichi a 1850, a tsakiyar gonakin kanumfari, don kada ta yi kewar gida. Ginin yana nan har yau. 'Yarsa Salme kuwa, wadda aka haifa a 1844, daga saman rufin gidanta ta saba da wani ɗan kasuwar Jamus mai suna Heinrich Ruete da ke maƙwabtaka da ita. A 1866 ta gudu a jirgin ruwa zuwa Aden, ta bar addininta ta aure shi, suka tare a Hamburg. A 1870 ya mutu a hatsari, ya bar ta da ƙananan yara uku a ƙasar da ba ta da kowa, danginta kuma suka juya mata baya. Littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 1886 cike yake da begen gida. Ana sayar wa baƙi labarin a matsayin na masoya, ni kuwa abin da nake ji a cikinsa shi ne kukan macen da ta rasa dangi da ƙasa a lokaci guda.

Kuma kada ƙamshin yasmin ya mantar da kowa inda dukiyar da ta gina waɗannan benaye ta fito. Daga kanumfari ne da hauren giwa da cinikin bayi. Mutanen da aka kamo daga cikin nahiyar Afirka su suka nome gonakin, su suka ɗauko hauren a ka har bakin teku. Sai a 1873 Sarki Barghash ya rufe kasuwar bayi ta birnin bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a wurin. Akwai ɗakin tarihi a harabar. Ina ganin ya kamata duk ma'auratan da suka kwana a gidan attajirin wancan zamani su ware safiya guda su je can. Ba zai ɓata musu hutu ba. Ɗan Afirka ne ya je ziyarar 'yan uwansa.

Inda teku ke tafiya ya dawo

A gabar gabas, wato su Matemwe, Bwejuu, Paje da Jambiani, masaukin wani iri ne daban. Ɗakuna ne warwatse cikin lambu, kowanne da rufin ganyen kwakwa da ake kira makuti, da baranda mai fuskantar teku, da gadon hutawa na igiya. Mafi tsada su ne masu ɗan wurin ninkaya na kansu. Wannan ba almubazzaranci ba ne ga macen da ba za ta iya shiga ruwa a gaban maza ba. Amma a tambaya da kyau kafin a biya: shin an kewaye shi da bango ko shinge mai tsayi, ko kuwa masu wucewa ta bakin teku suna hango ciki? Hoton intanet ba ya nuna wannan, sai an nemi a turo bidiyo.

Abin da ke ba baƙi mamaki a gabas shi ne halin tekun. Sau biyu a yini ruwan kan ja baya, wani wurin har kusan kilomita guda ko fiye, ya bar fili fari fat da ƙananan kududdufai, kwale-kwalen masunta su kwanta a kan yashi. Bayan kamar awa shida sai ya dawo har gindin matakalar masauki. Wanda ya zo da niyyar yin iyo duk lokacin da ya ga dama zai ji haushi. Irinsa gara ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa, inda ruwan ba ya nisa. Sai dai can ɗin ne cunkoso da kiɗan dare suka fi yawa, har da shagalin da ake yi duk lokacin da wata ya cika. Mai neman natsuwa gabas ce tasa. Lissafin ma ba wuya ga wanda ya saba duba kwanan watan Musulunci: a farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 15 ne ruwan ya fi ja da baya kuma ya fi cikowa. A irin waɗannan ranaku mutum zai iya riƙe hannun matarsa su taka har kusa da inda igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani. A sa takalmin roba, domin akwai wata halitta mai ƙaya baƙa ƙirin da ke ɓuya a cikin ciyawa, taka ta kuwa ba daɗi. A kuma tambayi ma'aikata lokacin dawowar ruwa, don yana zuwa da sauri fiye da yadda ido ke zato.

Yini a irin wannan wuri ba shi da wani shiri, kuma haka ya kamata ya zama. Rana daga cikin teku take fitowa, don haka wanda ya idar da sallar asuba ya zauna a baranda ba zai so komawa barci ba. Karin kumallo yakan zo da mangwaro da abarba da gwanda da ayaba iri-iri, da shayin da aka dafa da citta da kirfa da kanumfari. Da rana ga kifin da aka kamo da safe, ga shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ga jatan lande da ƙaguwa, ga kuma pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas da ake dafawa cikin miyar kwakwa. Wanda bai saba ba zai yi jim kafin ya ɗanɗana, amma yawanci cokali na farko ne mai wuya. Da dare, in an nema, akan kai teburi guda can kan yashi nesa da kowa, a kewaye shi da fitilun ƙwai, mai kawo abinci ya ajiye ya koma. A nan ne maganar da aka shekara ana ɗagawa take fitowa da kanta: batun yara, batun inda ake son a zauna, batun wani ɓacin rai da aka haɗiye tun bara. Babu mai sallama, babu mai kira daga tsakar gida.

Wasu masaukan suna da ɗakin gyaran jiki inda ake yin singo, haɗin da ake murza wa amaryar Suwahili kafin a kai ta, wanda ake yi da garin sandal da kanumfari da busassun furanni. Matan da suka san dilka da turaren wuta za su ji kamar a gida suke. A nemi mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji. Ba baƙuwar buƙata ba ce a can.

Abin da ake hangowa daga baranda

Idan ruwa ya janye a Paje ko Jambiani, za ka ga mata sanye da zannuwan kanga sun shiga filin, suna zaune cikin ruwan da bai wuce ƙauri ba, a tsakanin turaku da igiyoyi. Noman ciyawar teku suke yi, sana'ar da aka fara a wannan gaba a 1989. Su ɗaura 'yan rassa a igiya, bayan makonni su girbe, su ɗauko a ka, su shanya a rana, 'yan kasuwa su saya a fitar waje a sarrafa ta cikin kayan abinci da man shafawa. Sana'ar ta ba mata da yawa kuɗin kansu a karon farko. Amma farashin bai taka kara ya karya ba, ɗumamar ruwan teku kuma na kashe irin da ya fi daraja. Kuɗin dare guda a wasu ɗakunan da ke kallon waɗannan mata ya fi abin da ɗayarsu ke samu a watanni. Baƙi kan ɗauke su hoto ba tare da ko sallama ba, abin da ba wanda zai yarda a yi wa mahaifiyarsa a gona.

Batun ruwan sha ya fi wannan zafi. Gabar gabas da ta arewa ƙasa ce ta dutsen murjani, ruwan daɗi kaɗan ne a ƙarƙashinta, kuma in aka zuƙe shi da yawa sai ruwan gishiri ya kutso cikin rijiyoyi. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta Ingila ta fitar a 2012 ya nuna cewa a ƙauyukan yawon buɗe ido na Zanzibar, ɗaki guda a otal na alfarma kan ci sama da lita 3,000 a rana in aka haɗa da ban ruwan lambu da wurin ninkaya, alhali gida guda na mutanen ƙauyen bai kai lita 100 ba. Tun daga lokacin baƙi sun ƙaru: sun haura 600,000 a 2023, suka haura 700,000 a 2024. Bayan katangar masauki mai korayen ciyayi, sau da yawa akwai yarinya da jarka tana jiran layin famfo.

Ba ina cewa a fasa zuwa ba ne. Dubban iyalai da wannan harka suke ci, kuma ita ce babbar hanyar samun kuɗin waje ga tsibiran. Abin da nake cewa shi ne masauki ya bambanta da masauki, kuma mai biyan kuɗi yana da ikon zaɓe. A tsibirin Chumbe, 'yar tafiya kaɗan a jirgin ruwa daga Stone Town, akwai masauki mai ɗakuna bakwai kacal. Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ta assasa shi, kuma a 1994 gwamnati ta ayyana ruwan da ke gefen tsibirin a matsayin wurin da aka haramta kamun kifi. Rufin kowane ɗaki an yi shi ne yadda zai tara ruwan sama ya zuba a rumbun da ke ƙarƙashin daɓe, wuta daga hasken rana take, bayan gida kuma ba ya cin ruwa. Kuɗin da baƙi ke biya shi ke ɗaukar nauyin masu gadin murjani, waɗanda wasunsu tsofaffin masunta ne, da kuma kawo 'yan makaranta su ga abin da ke cikin tekun ƙasarsu. Akwai hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina a 1904, da ɗan tsohon masallaci a gefenta. Babu wurin ninkaya, babu na'urar sanyaya ɗaki, amma ban san wani wuri a Zanzibar da ya fi shi ba mutum biyu sarari ba.

Ba kowa zai je Chumbe ba, amma kowa zai iya tambaya kafin ya tura kuɗi. Ina masaukin ke samun ruwansa? Ma'aikata nawa ne 'yan ƙauyen, kuma akwai ɗan Zanzibar a cikin manyan ma'aikata, ko duk shara da wanki aka bar musu? Kifin daga hannun masuntan garin ake saye? Mai gidan da ke yin abin kirki zai amsa da murna, har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. In aka zo tafiya kuma, a tuna da waɗanda ba a gani: mai wanki, mai ban ruwan fure, mai gadin dare. Yawancin ƙananan masaukai suna da akwatin alheri da ake raba wa kowa.

Kafin a ɗaure kaya

Lokaci yana da muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu ake ruwan sama mai ƙarfi, har wasu masaukan kan rufe, wasu kuma su karya farashi. Yuni zuwa Oktoba akwai sanyin iska kuma sama a washe take. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da gumi. Yuli, Agusta da ƙarshen Disamba su ne lokutan tsada. A watan azumi gidajen abinci da yawa a birni ba sa buɗewa da rana, garin kuma yakan yi daɗi bayan shan ruwa.

Daga Najeriya, hanyar da aka fi bi ita ce ta Addis Ababa ko Nairobi. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano da Abuja. Wanda ya sauka a Darussalam zai iya shiga jirgin ruwa mai gudu zuwa Zanzibar, tafiyar kamar awa biyu. An daɗe ana sa masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi cikin waɗanda sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta amince tukuna a ba su biza, don haka a fara nema da wuri, a kuma tabbatar da ƙa'idar da ake bi a ofishin jakadancinsu kafin a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa. A riƙe katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma, dole kowane baƙo ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44. Sauro ya ragu ƙwarai a tsibirin amma bai ƙare ba.

Farashin ɗaki ya bambanta ƙwarai, har akwai wuraren da dare guda ke haura dala 1,000, kamar ɗan tsibirin Mnemba. Shawarata ita ce gara dare uku a wuri mai natsuwa da mako guda a inda ba za a runtsa ba, kuma kada a ci bashi don wannan. Ango da ya dawo ya tarar da masu bin kuɗi a ƙofa ya zubar da duk abin da ya je nema. A bincika ko kuɗin ya haɗa da abinci da harajin kwana da motar ɗauko baƙi. Yawancin masaukan bakin teku suna sayar da giya, amma in aka sanar tun farko za su kwashe ta daga firjin ɗaki, su kuma daina sa ta a girki; a cikin birni akwai waɗanda ba sa sayarwa sam. A bakin teku za a gamu da samari masu tallan yawo a kwale-kwale, wasunsu da naci. A amsa gaisuwa, a ce an gode, a shirya tafiyar ta hannun masauki.

Sai tsaraba, don ba a dawowa hannu rabbana. Kasuwar Darajani ita ce wurin: kanumfari, wanda mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake zuwa, kirfa sanda-sanda, barkonon tsibirin, da turaren udi da matan garin ke haɗawa. A riƙe sulallan Tanzaniya don ciniki, a kuma taya kamar yadda aka saba a kasuwar Kurmi. Zannuwan kanga biyu-biyu ake sayar da su, kuma kowanne akwai jimlar Suwahili a rubuce a gefensa na ƙasa. Wasu addu'a ce, wasu kalaman ƙauna ne, wasu kuwa habaici ne zalla da mata ke ɗaurawa don maƙwabciya ko kishiya ta karanta. A sa mai shago ya fassara kowanne kafin a ware na suruka da na uwargida.